Rumawa suna karya mini sahu a Field of Glory II: ina mafita?

Ɗan'uwa, ka ce kana buga Field of Glory II, wasan kwamfutar nan na yaƙe-yaƙen zamanin da, kuma ko wace runduna ka ɗauka, ta Kartaj ce ko ta Makidoniya ko ta mutanen Gol, da zarar kun yi arba da Rumawa sai tsakiyar sahunka ta rushe cikin zagaye uku ko huɗu, ragowar su bi bayanta. Tambayarka ita ce ko wasan ne ya fifita Rumawa, ko kuwa akwai dabarar da ta ɓace maka.

Duka biyun ne. Wasan ya fifita su, amma a wuri ɗaya: gaba da gaba, a shimfiɗaɗɗen fili, a lokacin karon farko. A nan ne tarihi ma ya fifita su. Idan ka jera dakarunka a miƙe yadda suka jera nasu, ka tako ka tarye su a tsakiyar fili, to ka ba su irin yaƙin da aka gina su dominsa, kuma da wuya ka sha. Aikinka shi ne ka hana su wannan yaƙin, ko ka yi ta jinkirta shi, har ka sami kwiɓinsu.

Sai ka fara gane abin da ke kashe ka. Wasan nan, wanda Richard Bodley Scott ya tsara kuma Slitherine ta fitar a 2017, ya raba faɗan kusa gida biyu. Akwai karon farko, lokacin da rukuni ya afka wa rukuni, sannan akwai gwabzawar da ke biyo baya zagaye bayan zagaye. A karon farko sojan lijiyon, wato dakaren Rumawa mai nauyi, yana samun makin fifiko 200 a kan kowane irin dakaru, alhali mai mashi na yau da kullum yana da 100. Wannan ratar ita ce pilum, mashin jifan nan mai dogon wuyan ƙarfe da Rumawa ke watsowa daga ɗan taƙi kafin su zare takobi su faɗo. Ka ƙara musu sulke da horo, sai ka ga tun kafin a jefa ƙuri'a sun riga ka. Rukunin da ya sha kashi a karon farko yana fuskantar gwajin nutsuwa, kuma matakan huɗu ne: yana nan daram, ya rikice, ya wargaje, ya arce. Wanda ya rikice ba ya faɗa kamar da, don haka zagaye na gaba ma zai sha kashi, ya sake gangarawa. Ranar da ya arce kuwa, maƙwabtansa na dama da hagu su ma sai an gwada su. Rushewar da kake gani ke nan. Ba wai an kashe maka mutane da yawa ba ne, tsoro ne ya bi sahu daga rukuni zuwa rukuni.

Amma ka lura da wani abu. Maki 200 ɗin nan na zagaye ɗaya ne. Bayansa Barume ya koma mai takobi, kuma takobi ba ya cin mai mashin da yake tsaye daram yadda yake cin wanda ya rikice. Duk rukuninka da ya fita daga karon farko bai rikice ba zai iya riƙe lijiyon zagaye da dama. Wannan riƙewar kaɗai kake nema daga tsakiyarka. Kada ka nemi ta ci nasara.

Abu na biyu da mutane ke mantawa shi ne yadda ake cin yaƙin. Ba sai ka karya kowane lijiyon ba. Idan kashi 40 cikin ɗari na rundunar abokin gaba suka gudu, kuma ka fi shi da tazarar kashi 25, ka ci. In babu wannan tazarar, sai an kai kashi 60. To zauna ka yi lissafi da rundunar Rumawa a gabanka. Akwai mahayansu, waɗanda ba su da yawa kuma ba su da wani abin a zo a gani. Akwai velites, samarin nan masu jifa da ƙananan masu. Akwai dakarun Italiya da ke taya su, waɗanda ba su kai lijiyon ƙarfi ba. Idan ka share waɗannan, sannan ka karya lijiyon biyu ko uku ta kwiɓi, ka kusa kai wa ga adadin, ko da manyan tsofaffin sojojinsu suna nan ko ƙwarzane ba a yi musu ba. Wannan raunin ba ƙirƙirar wasan ba ne. A lissafin Polybius, marubucin tarihi Bagirke, cikakkiyar rundunar lijiyon ɗaya ta wancan zamani tana da velites 1,200, hastati (sahun gaba) 1,200, principes (sahu na biyu) 1,200, triarii (tsofaffin sahun baya) 600, amma mahaya 300 kacal. Da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa cin Rumawa a fili sun fara ne daga wannan giɓin. (Shekarun da zan ambata duk na kafin Miladiyya ne, in ban da guda da zan nuna.)

Saboda haka maganar ta fara tun daga allon sayen soja, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka zuba makinka na sayayya a dakaru masu tsada da nufin su yi kafaɗa da kafaɗa da lijiyon. Ka sayi mahaya har ka ninka nasa, ka sayi 'yan jifa da 'yan majajjawa da za su fi velites ɗinsa yawa, sannan ka cike sahu da dakaru masu matsakaicin farashi domin sahunka ya fi nasa tsawo. Lijiyon yana da tsada, shi ya sa sahun Rumawa gajere ne. Ko rukuni biyu ka fi shi a tsawo, biyun nan su ne za su lanƙwaso.

Sai jeri. Dakaru masu nauyi suna tafiya gida biyu na taswira a zagaye, mahaya kuwa ninkin haka, mahaya masu sauƙi ma fiye. Ke nan duk zagayen da lijiyon ya ɓata yana tattaki zuwa wurinka, dawakanka sun yi tafiyar zagaye biyu. Ka ja tsakiyarka baya iya yadda wurin jeri ya ba ka dama, ka bar ta a tsaye. Bar shi ya tako. Gefen da ka fi ƙarfi ka tura shi gaba tun zagayen farko, ɗaya gefen kuma ka karkatar da shi baya kamar matakala, yadda rukunin da ke can ƙarshe ba zai shiga faɗa ba sai bayan zagaye biyu ko uku da fara na farko. Kwamfuta musamman tana son tahowa kai tsaye, kuma tana tahowa sahunta yana buɗewa.

Wannan shi ne abin da Hanibal, janar ɗin Kartaj, ya yi a Cannae ranar 2 ga Agusta, 216. Yana da dakaru kusan 40,000 da mahaya 10,000, Rumawa kuwa dakaru kusan 80,000 da mahaya 6,000 da ɗoriya. Ya sa mutanen Gol da na Sifaniya a tsakiya, ya turo su gaba kamar baka, ya ajiye ƙwararrun dakarunsa na Afirka a gefe biyu. Rumawa suka danno tsakiyar, ta yi ta ja da baya ba tare da ta tsinke ba, har suka tsinci kansu tsakanin 'yan Afirka dama da hagu. Mutane suna yawan ba da labarin nan kamar sihiri. Abin da ya fi amfani gare ka shi ne yaƙin Trebia na ƙarshen 218, inda tsakiyar Hanibal ta tsinke da gaske: Rumawa kusan 10,000 suka huda ta suka wuce Placentia. Duk da haka shi ya ci, domin mahayansa sun riga sun kori nasu, ƙanensa Mago kuma ya fito daga kwanton ɓauna da mutum 2,000 ya faɗa musu ta ƙeya. Idan ka ga rukuni ɗaya ko biyu na tsakiyarka sun arce, hankalinka kada ya tashi, kuma kada ka janye mahayanka daga aikinsu don toshe ramin. Lijiyon da ya huda ka ya wuce yana buƙatar zagaye da dama kafin ya juyo, kuma a wannan lokacin ba ya amfanar kowa.

Wasan ma ya ba ka irin tarkon Cannae a cikin dokokinsa. Lijiyon da ya kawo hari ya rinjaya yakan tura rukuninka baya gida ɗaya ya bi shi. Yana bin sa yana fita daga sahun 'yan'uwansa, gefensa biyu suna buɗewa. Idan ka ajiye rukuni a sahu na biyu, gida ɗaya ko biyu a baya kuma a karkace, shi da kansa zai kawo maka kwiɓinsa. Don haka kada ka zuba kowa a sahun gaba. A bayan kowane rukuni uku ko huɗu a sami ɗaya yana jira, ko da mai araha ne.

Yanzu ga dokar kwiɓi, wadda na fi so ka riƙe fiye da komai, domin a nan ne yawancin mutane ke ɓarar da damarsu. Ka ɗauka lijiyon yana fuskantar kudu, ya kama faɗa da masu mashinka na Afirka. Mahayanka na Gol suna gefensa, gida biyu tsakani, amma har yanzu suna gaban layin goshinsa. Idan ka danna hari yanzu, wasan zai ɗauke shi hari na gaba da gaba, dokinka ya faɗa kan lijiyon da ke tsaye daram, ka yi asararsa a banza. Abin yi shi ne a wannan zagayen ka wuce da mahayan su koma bayan layin goshin nasa, ka juya su su fuskance shi, ka haƙura. A zagaye na gaba, tunda daga bayan layin suka fara, harin ya zama na kwiɓi. Da yake lijiyon ɗin yana cikin faɗa da wani, nan take zai gangara mataki ɗaya tun kafin a jefa ƙuri'a. Idan daram yake, ya rikice. Idan dama a rikice yake, ya wargaje, kuma wanda ya wargaje ana dukansa ta fuska biyu ba ya daɗewa. Kafin ka danna kowane hari ka ɗora linzamin kwamfuta a kai ka karanta abin da wasan ya nuna maka, zai gaya maka ko harin kwiɓi ne ko a'a. Sharuɗɗa biyu ke nan: wani ya riƙe shi ta gaba, wani kuma ya fara zagayensa a bayan layi. In ɗaya ya ɓace, ka jira.

Ka kuma sani cewa sojoji masu sauƙi ba sa jawo wannan gangarawar a kan dakaru masu nauyi. Mahayan Numidiya, duk da sunansu, ba na fasa lijiyon ba ne. Aikinsu korar velites, jan mahayan Rum su fita daga fage, da ruwan masu a kan wanda ya juya musu baya. Mai fasawa shi ne mahayi mai nauyi ko dakare na sahu, ko da na Sifaniya ne mai matsakaicin nauyi.

Abin da zai tare maka hanya shi ne triarii. Kowane rukuni da ba ya cikin faɗa yana iko da gidajen da ke gabansa, ba za ka ratsa ta nan yadda kake so ba, kuma mai wasa da Rumawa yakan ajiye triarii a bayan ƙarshen sahu saboda wannan. Su kaɗan ne amma ƙwararru ne, masu mashi ne kuma, don haka doki ba ya son su ta gaba. Maganinsu shi ne ka kawo rukuni biyu gefen: ɗaya ya tsaya gabansu ya ɗauke musu hankali ko ya kama su da faɗa, ɗayan ya wuce.

Akwai kuma matsalar bin gudu. Mahayan da suka karya abokin gaba sukan bi shi, wani lokaci zagaye da yawa, wani lokaci har su fita daga taswira, kuma ba ka da linzaminsu a wannan halin. A Cannae abin da ya raba gardama shi ne Hasdrubal, hafsan Hanibal, ya iya riƙe mahayansa: ya karya na Rum a bakin kogi, ya zagayo ta bayan rundunar ya tarwatsa na ɗaya gefen, ya bar wa 'yan Numidiya bin gudu, shi kuma ya juyo kan ƙeyar dakaru. A Magnesia kuwa, a 190, Antiochus na Uku, sarkin Seleucid, ya karya gefen hagu na Rumawa ya bi su har wajen sansaninsu, kafin ya dawo an gama da dakarunsa. Tunda wasan ba zai bar ka ka zama Hasdrubal da rukuni ɗaya ba, ka zama shi da biyu. Idan mahaya uku gare ka a gefe, biyu su kama na Rum, na ukun kada ya taɓa kowa, ya zarce bayan sahu.

Ƙasa ita ce makami na gaba, kuma kyauta ne. Lijiyon dakaru ne masu nauyi, jerinsu yana lalacewa a ƙasa mai duwatsu da kunci, yana ƙara lalacewa a kurmi da fadama. Dakaru masu matsakaicin nauyi, irin na Sifaniya da thureophoroi na Girkawa, masu doguwar garkuwa da mashi, ba ruwansu da ƙasa mai duwatsu. A fili kuwa su ne abincin lijiyon. Saboda haka ka dubi taswira kafin ka ajiye ko mutum ɗaya: duk inda ka ga duwatsu ko itatuwa, nan ne gidan matsakaitanka, kuma su tsaya a ciki, kada su fito tarye. Tudu yana ƙara maki ga wanda ke sama, rafi yana rage wa mai tsallakowa. Ko ba ka sami komai ba sai ɗan tudu a tsakiya, ɗora masu mashinka a kai, ka rage wa maki 200 ɗin nan kaifi. Manyan asarorin Rum da yawa a irin wannan ƙasa aka yi su. A bakin tafkin Trasimene a 217, Hanibal ya matse su tsakanin ruwa da tuddai cikin hazo, aka kashe kusan 15,000 har da shugabansu Flaminius. A dajin Teutoburg, a shekara ta 9 bayan Miladiyya, lijiyon uku na Varus suka hallaka tsakanin kurmi da fadama ba tare da sun sami filin jeri ba. Yaƙi ɗan zamba ne, babu abin kunya a ƙin fitowa fili.

Idan Makidoniya ka ɗauka, ko daular Seleucid, ko rundunar Pyrrhus sarkin Epirus, waɗanda ƙarfinsu ke ga masu dogon mashi, wannan shawarar ta ƙasa ta juye. Masu dogon mashi su ne dakaru kusan kaɗai da za su iya karɓar lijiyon gaba da gaba. Mashinsu ya kai kimanin mita shida, suna jeri sahu goma sha shida, kuma a wasan idan suna fili suna nan daram, karon farko kusan kunnen doki ne, gwabzawar da ke biye kuma tasu ce. Amma duk ƙarfinsu a jerin yake. Su taka duwatsu, ko su rikice, ko su yi asarar mutane da yawa, sai makinsu ya zube. A Pydna a 168 sun tura Rumawa baya har janar ɗin Rum Aemilius Paullus ya riƙa faɗa daga baya cewa bai taɓa ganin abin tsoro kamarsa ba. Turawar ce ta kai su ƙasa mara daidai, sahu ya tsattsage, Rumawa suka kutsa ta tsagogin da gajeren takobi. A Cynoscephalae a 197 gefen dama na Philip na Biyar, sarkin Makidoniya, yana cin nasara yana gangarowa, sai wani hafsan Rum ya ɗebi ƙananan rukunoni ashirin daga ɗaya gefen ya faɗa masa ta baya. Abin da zai same ka a wasan ke nan, ba sauyi. Rukunin masu dogon mashi yana da tsada sosai, sahunka zai fi na Rumawa gajarta, kuma idan ya ci yakan tura gaba ya fita daga layi, daidai abin da na ce ka yi wa lijiyon tarko da shi. Don haka ka zaɓa musu fili mai tsabta, su shiga faɗa tare a zagaye ɗaya, kuma a bayan kowane ƙarshe ka ajiye rukuni mai araha a karkace wanda ba shi da aiki sai tsaron kwiɓi. Ni a ganina masu dogon mashi huɗu da masu tsaronsu sun fi shida tsirara. Sannan mahayanka masu mashi su yi abin da aka saba, su zagayo.

Mutanen Gol da Jamus lamarinsu ya fi sauƙin faɗa. Gungunsu shi ma yana da makin karon farko irin na lijiyon, kuma sun fi shi yawan mutane a rukuni, don haka su ba sa tsoron zagayen farko. Rauninsu rashin sulke, wahalar juyawa, da bin gudu ba tunani. Kada ka bar su tsaye ana yi musu ruwan masu, abin da ya cinye Gaesatae, wasu mayaƙan Gol, a Telamon ke nan a 225, sun fito tsirara velites suka yi ta jifansu daga nesa. Kori velites, ka afka da faɗin sahu gaba ɗaya, ka nufi sababbin lijiyon da dakarun Italiya, ka kauce wa tsofaffin. Mahayan Gol sun fi na Rum, yi amfani da su.

Giwa kuma fa? Tana cikin 'yan abubuwan da ke cin lijiyon a karon farko, kuma dawaki suna rikicewa kusa da ita. Da giwaye ashirin Pyrrhus ya firgita mahayan Rum a Heraclea a 280, kuma Xanthippus, jagoran sojan Kartaj, ya tattake rundunar Rum ta Regulus kusa da Tunis a 255 da giwaye kusan ɗari da mahaya masu yawa. Amma a Zama a 202 Hanibal ya saki tamanin, janar ɗin Rum Scipio ya buɗe musu hanyoyi a cikin sahunsa, 'yan jifa suka ji da su. A wasan ma mashin jifa shi ne ajalin giwa. Kada ta shiga gaba sai ka kore velites, ka sa ta tsakanin dakaru biyu da za su kare gefenta, ka kuma nisanta ta da dawakanka. Giwa ɗaya a gefen da mahayan Rum suke tana iya rufe wannan gefen ita kaɗai, ka kwashe mahayanka duka zuwa ɗayan.

Fartiyawa, mahayan ƙasar Farisa ta da, wani wasa ne daban, kuma yana son haƙuri. A Carrhae, wato Harran ta ƙasar Turkiyya a yau, a 53, janar ɗinsu Surena ya zo da mahaya 'yan baka kusan 9,000 da masu sulke har dawakansu kusan 1,000, ya hallaka lijiyon bakwai na Crassus: kusan 20,000 suka mutu, 10,000 aka kama. Sirrinsa raƙuma ne ɗauke da kibau, yadda kwari ba ya ƙarewa. Kai ba ka da raƙuman nan. Bayan 'yan zagaye na harbi kibanka za su yi ƙasa, ƙarfin harbin ya ragu, kuma yaƙin yana da iyakar zagaye. Saboda haka kada ka watsa kibau a kan kowa. Ka tara 'yan baka uku ko huɗu a kan rukuni ɗaya a zagaye ɗaya, domin asara mai yawa a lokaci guda ce ke jawo gwajin nutsuwa. Ka fara da mahayansa da 'yan harbinsa, waɗanda ba su da sulken lijiyon, sai ya zama ba shi da mai korar ka. Masu sulkenka kuma ba sa taɓa lijiyon sai wanda ya riga ya rikice, ko ta kwiɓi, kuma a fili. Ka riƙa duban bayanka, domin mahayin da ke kaucewa hari yana buƙatar wurin gudu, bakin taswira kuma yana cinye mutane. In Rumawa suka hau tudu suka zauna, kada ka bi su sama. Haka Pacorus, yariman Fartiyawa, ya yi a Gindarus a 38, ya hau wa janar ɗin Rum Ventidius tudu, ya bar ransa a can.

Game da janar ɗinka, rukunin da yake ciki yana samun ƙarin maki a faɗa, amma in ya faɗi, na kusa da shi sai an gwada su. Babban janar ya zauna a rukunin da ke bayan tsakiya, inda zai taimaka wa waɗanda suka rikice su farfaɗo, ƙananan kuma su tafi da mahayan da za su yi aikin kwiɓi.

Duk wannan zai ishe ka da kwamfuta. Mutum kuwa ya san abin da kake nufi tun daga jerinka. Zai jingina gefe ɗaya da kogi ko kurmi, ya lanƙwasa ɗayan baya, ya ɓoye mahayansa a bayan dakaru don kada ka same su, ya kuma taho da sauri domin ya kama tsakiyarka kafin ka zagayo. Idan ya taho da sauri, ka ci gaba da ja da baya da gefen da ka raunana, ka saka 'yan jifarka a gabansa su tilasta masa kai hari a kan iska, kowane irin wannan hari yana ɓata masa jeri. Idan kuma ya ƙi motsi ya dunƙule, to ya bar maka fagen harbi. Ka gama da velites ɗinsa, ka tara 'yan majajjawa da 'yan baka a kan rukunin da ke kusurwar jerinsa, inda biyu ko uku naka za su iya kaiwa gare shi shi kuwa maƙwabtansa ba su iya taimakonsa, ka ajiye mahaya masu nauyi gida huɗu daga wurin suna kallo. Ko dai ya zauna kusurwar ta rikice ka fasa ta, ko ya fito korar 'yan harbin, kuma rukunin da ya fito shi ne wanda za ka riƙe ta gaba da dakaru, ka buga ta kwiɓi a zagayen da ke biye.